Darajar zanen Italiya na zamanin Farfaɗowa ta wuce kuɗin gwanjo

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan wani abu da ya daɗe yana damuna game da yadda kafofin labaranmu na Hausa suke kawo zancen manyan masu zane na ƙasar Italiya. Kusan duk lokacin da aka ambaci Leonardo da Vinci, to maganar kuɗi ce ta kawo shi, kamar yadda ya faru a watan Nuwamba na 2017, lokacin da aka yi gwanjon wani zane da ake dangantawa da shi a birnin New York a kan dala miliyan 450. Mai sauraro ya riƙe baki, ya yi mamakin yadda Turawa suke ɓarnar dukiya, shi ke nan an wuce wurin. Ni kuwa a ganina, abin da ya kamata a faɗa wa mai karatu shi ne yadda waɗannan mutane suka koyi sana'arsu da irin dabarun da suka ƙago, domin a nan amfanin yake.

Zamanin da Turawa suke kira Renesans, wato Farfaɗowa, ya kankama ne a birnin Florence cikin ƙarni na 15, kuma waɗanda suka ɗaga shi 'yan sana'a ne da suka tashi a shagon maigida. Leonardo, wanda aka haifa a 1452, yana ɗan shekara goma sha huɗu ko kusa da haka aka kai shi shagon Andrea del Verrocchio. Michelangelo kuma yana da shekara 13 mahaifinsa ya damƙa shi ga Domenico Ghirlandaio a 1488, bisa yarjejeniyar shekara uku. Yaron shago ba ya taɓa aikin da za a kai wa mai shi sai ya ƙware a niƙan launi a kan dutse, da haɗa buroshi, da shafe allon katako har ya yi sumul, da kwaikwayon zanen maigidansa sau da yawa. Duk wanda ya san yadda yaro yake tashi a marina ko a maƙera ko a gaban magini, ba zai ga baƙon abu a wannan tsari ba. Hatta cinikin ma a rubuce ake ƙulla shi. A yarjejeniyar da Ghirlandaio ya sa wa hannu a 1485 da gidan marayu na Florence, an ƙayyade masa wata talatin ya gama aikin, aka kuma ambaci darajar shuɗin da zai yi amfani da shi, saboda shuɗi mai kyau daga wani dutse mai daraja ake niƙa shi, wanda ake haƙowa a yankin Badakhshan na Afganistan, fatake su biyo da shi ta Venice, kuma tsadarsa takan kai ta zinariya.

Babbar dabarar da ta bambanta wannan zamani da wanda ya gabace shi ita ce hanyar nuna nisa da kusa a kan shimfiɗaɗɗen bango ta hanyar lissafi. Magini ne ya fara gwada ta, Filippo Brunelleschi, wanda ya gina ƙubbar babbar majami'ar Florence tsakanin 1420 da 1436. Ya zana wani gini da ke fuskantar ƙofar majami'ar a kan ƙaramin allo, ya huda allon a tsakiya, ya sa mutum ya leƙa ta bayan hudar yana riƙe da madubi a gabansa. Idan ya ɗaga madubin ya ga zanen, idan ya sauke ya ga ginin kansa, kuma su biyun suka dace. Asirin shi ne cewa duk layukan da suke tafiya nesa da mai kallo suna haɗewa a ɗigo guda daidai da tsayin idonsa, kamar yadda gefunan miƙaƙƙen titi suke tsukewa har su haɗe can gaba. Wani matashi mai suna Masaccio ya yi aiki da wannan ƙa'ida a bangon majami'ar Santa Maria Novella wajen 1427, har masu kallo suka riƙa ganin kamar an fafe bangon an yi ɗaki a ciki. Ya rasu a 1428 bai kai shekara 27 ba. A 1435 Leon Battista Alberti ya rubuta ƙa'idar dalla-dalla, yadda kowane ɗan koyo zai iya bin ta.

A nan ne nake ganin jaridunmu sun fi yin sakaci, domin wannan ilimi yana da tushe da ya shafe mu. Malamin da ya tabbatar ta hanyar gwaji cewa gani yana samuwa ne idan haske ya taso daga abu ya shiga ido a miƙe shi ne Hasan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen 965, ya yi aikinsa a Alƙahira. An juya littafinsa Kitabul Manazir zuwa Latin wajen shekarar 1200, daga baya zuwa Italiyanci, kuma Lorenzo Ghiberti, maƙerin tagulla na Florence, ya ɗebo sosai daga cikinsa a rubuce-rubucensa. Ibnul Haisam bai koyar da zane ba, mutanen Florence ne suka mayar da bayaninsa na gani ya zama kayan aikin mai zane, kuma adalci ne a bai wa kowa haƙƙinsa. Shi ma Raphael, wani babban mai zane na zamanin, a zanen taron masana da ya yi a fadar Fafaroma tsakanin 1509 da 1511, ya sa Ibn Rushd na Andalus da rawaninsa a cikin malaman falsafa.

Aikin bango kuwa ba ya son jinkiri. Ana shafa ɗanyen shafe daidai gwargwadon abin da mai zane zai iya gamawa a wuni guda, ya sa launi tun bai bushe ba, sai launin ya shige ya zama jikin bangon. Idan aka yi kuskure, sai dai a kankare a sake. Da haka Michelangelo ya cika rufin ɗakin ibada na Sistine da ke fadar Fafaroma daga 1508 zuwa 1512, a tsaye bisa dandamalin katako, wuyansa a karye yana kallon sama, ya zana siffofin mutane fiye da ɗari uku. Leonardo mutum ne mai son tsayawa ya yi nazari ya dawo ya gyara, don haka da aka ba shi bangon ɗakin cin abinci na wani gidan ibada a Milan wajen 1495, sai ya yi zanensa a kan busasshen shafe. Tun yana raye launin ya fara ɓarewa, kuma gyaran da aka kammala a 1999 ya ci fiye da shekara ashirin. Amma wannan haƙurin nasa shi ne ya ba shi nasara a zane da launin mai, inda yake ɗora siraran shafen launi ɗaya bisa ɗaya har iyakar haske da inuwa ta narke kamar hayaƙi, abin da ake gani a gefen baki da idanun Mona Lisa, shahararren zanensa na wata mata.

Na san wasu masu karatu za su kawo batun hukuncin zana abu mai rai, kuma wannan fage ne na malamai, ban isa in tsoma baki a ciki ba. Sai dai lissafin nisa da kusa shi ne wanda mai zanen gida da injiniya suke aiki da shi a yau, kuma manhajojin kwamfuta da 'ya'yanmu suke tsara gine-gine da su a kansa aka gina su.

Saboda haka ina roƙon jaridarku ta ware shafi, ko da sau ɗaya a wata, ta gayyaci malaman sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello da sauran jami'o'inmu su bayyana waɗannan dabaru da Hausa, tare da zanen layuka da ɗalibin sakandare zai iya kwaikwaya da fensir da rula. Ina ba da shawarar a fara da gwajin madubin Brunelleschi, tunda allo da ƙusa da madubi kawai yake buƙata.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Zariya.