Gurnanin mawaƙan hebi metal da lafiyar maƙogwaro

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan batun da ba kasafai yake shigowa shafukanku ba, wato yadda mawaƙan kiɗan nan da ake kira hebi metal suke fitar da ihu da gurnani da kakkausar murya, da kuma yadda ake koyon hakan ba tare da mutum ya kashe muryarsa ba. Sana'ata ɗaukar sauti ce a ɗakin naɗar waƙa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, tun da aka ba da labarin mutuwar Ozzy Osbourne, shahararren mawaƙin hebi metal na Ingila, ranar 22 ga Yulin 2025, nake jin mutane suna cewa ai wannan kiɗa ihu ne kawai, duk mai ƙarfin maƙogwaro zai iya. Da a bakin dattawa maganar ta tsaya, da ban damu ba, amma wasu matasan da ke kallon waɗannan mawaƙa a YouTube da TikTok sun gaskata ta, suna shiga ɗaki su rufe ƙofa su yi ta kwarma ihu har muryarsu ta dishe, suna zaton dishewar ce alamar sun kama hanya.

Ba na neman kowa ya so wannan kiɗa, domin ni kaina akwai baitocinsu da ba zan bari a kunna a gidana ba. Abin da ya dame ni shi ne maƙogwaron yaron da ya riga ya ƙudura sai ya gwada.

Shi wannan kiɗa a birnin Birmingham na Ingila ya samo tushe, inda aka kafa ƙungiyar Black Sabbath a 1968, kuma shi Ozzy ɗin, mawaƙin ƙungiyar, da ake dangantawa da ihu, rera waƙa yake yi da siririyar murya wadda ke bi ta hanci, ba ya gurnani. Gurnanin mai zurfi sai a tsakiyar shekarun 1980 ya kankama a Amurka, a bakin ƙungiyoyi irin su Possessed ta Kalifoniya da Death ta Fulorida, sannan a farkon shekarun 1990 mawaƙan ƙasar Norway suka shahara da wata irin tsatstsagar ƙara mai tsini. Waɗannan na farko babu malamin da ya koya musu, da ka suka yi ta lalube, kuma wasu daga cikin waɗanda suka bi sahunsu sun ji jiki. Ilimin da ake da shi yanzu ya taru ne daga baya, lokacin da malaman murya da likitoci suka fara leƙa cikin maƙogwaron mawaƙan da kyamara.

A bayan zakaran wuya akwai tantani biyu da ke kwance gefe da gefe, tsawon kowanne bai wuce santimita biyu da rabi ba ko da a babban namiji. Idan iska ta taso daga huhu sai su riƙa haɗuwa suna rabuwa, sau ɗari da ɗoriya a cikin daƙiƙa guda a maganar namiji, kimanin sau ɗari biyu a ta mace, kuma wannan karkarwar ita ce murya. A samansu kaɗan akwai wasu naɗe-naɗen nama guda biyu masu kauri waɗanda ba su da aiki a magana ta yau da kullum, sai dai su taimaka wajen toshe hanyar iska idan mutum zai haɗiyi abu ko zai yi nishi. Sama da su kuma akwai ƙananan guringuntsi biyu da murfin da ke rufe maƙogwaro lokacin cin abinci. Ƙwararren mai gurnani waɗannan sassa na sama yake sa wa su yi karkarwa, ya bar tantanin murya yana aikinsa cikin sauƙi a ƙasa. Duk wanda ya taɓa duba gangar da ake shimfiɗa wa igiya a kan fatarta ya san cewa zuzar da take yi daga igiyar take fitowa, makaɗin ba ya buƙatar ƙara ƙarfin duka kafin ya same ta, kuma idan ya nace da duka fatar zai fasa.

Wannan dabara ta girmi hebi metal nesa ba kusa ba. Mutanen Tuva da ke kudancin Saiberiya, kusa da iyakar Mongoliya, suna da wani salon waƙar maƙogwaro da suke kira kargira, inda naman saman yake karkarwa sau ɗaya a duk karkarwa biyu ta tantanin murya, sai sautin ya faɗa ƙasa ƙwarai ya yi kauri, kuma akwai waɗanda suka tsufa suna yin sa.

A 2022 wani mawaƙi mai suna Will Ramos, na ƙungiyar Lorna Shore, ya yarda aka zura masa siririyar kyamara ta hanci a Jami'ar Utah, ƙarƙashin kulawar masaniyar murya Amanda Stark, aka kuma saka bidiyon a intanet. Na kalle shi da idon mai aikin sauti, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne fuskarsa. Ga sauti mai tayar da tsigar jiki yana fita, a allon kuma ana ganin naman saman maƙogwaro yana tsukewa yana murɗewa har ya kusa rufe abin da ke ƙarƙashinsa, amma shi mutumin yana zaune abinsa, kafaɗunsa a sake, yana gamawa kuma sai ya koma hira da dariya da muryarsa ta kullum. Kafin wannan ma, Cathrine Sadolin, wadda ta kafa makarantar koyar da murya a birnin Kopenhagen na Denmark a 2005, ta yi irin wannan bincike tare da likitan maƙogwaro Julian McGlashan na Nottingham, kuma ginshiƙin koyarwarta shi ne kowane irin sauti ana iya fitar da shi, amma bai kamata waƙa ta yi wa mai yin ta zafi ba.

Akwai abin da mu masu zama a bayan na'ura muka sani wanda mai kallo a waya bai sani ba. Yawancin wannan gurnani, idan ka tsaya kusa da mai yin sa babu lasifika, ƙarfinsa bai kai yadda kunne ke zato ba, wani salon ma bai fi magana mai ɗan ƙarfi ba. Makirufo ne ke manne da baki, na'ura ta matse sautin ta daidaita shi, a wasu lokutan a naɗi murya sau biyu ko uku a ɗora wata kan wata. Yaron da ke ɗakinsa yana ƙoƙarin fitar da wannan duka da maƙogwaro guda, babu makirufo, yana kokawa ne da injin da ba zai taɓa kayarwa ba.

Abin da ke biyo baya sananne ne ga likitoci. Tantanin da ake ta gwara wa juna da ƙarfi yana fara kumbura, idan aka ci gaba sai ya yi kanta a tsakiyarsa, gefe da gefe, ta yadda ba zai ƙara rufuwa ruf ba, iska ta riƙa zurarewa, murya ta riƙa fita da huci. Wani lokaci ƙaramar jijiyar jini ce ke fashewa a ihu guda, murya ta ɗauke nan take, daga baya wurin ya iya zama tsiro da sai an yi tiyata. Angela Gossow, Bajamushiyar da ta ja ragamar ƙungiyar Arch Enemy ta Suwidin daga 2000 zuwa 2014, ta gamu da irin wannan kanta a tantanin muryarta a farkon shekarunta da ƙungiyar, sai da ta yi jinyar murya ta kuma koma ɗaliba a wajen Melissa Cross, malamar da ke New York wadda ta fitar da faifan koyar da ihu a 2005. Labarin Matt Heafy na ƙungiyar Trivium ya fi ba ni darasi. Ya shafe sama da shekara goma yana ihu da tsagwaron ƙarfi, ana yi masa tafi, har muryarsa ta karye a wani bikin kiɗa a jihar Ohio a 2014. Ya koma wajen malami Ron Anderson ya faro daga tushe, kundin da ƙungiyar ta fitar a 2015 babu ihu a cikinsa, sai a na 2017 ya dawo da shi ta sabuwar hanya. Mutum yana iya daɗewa yana yin abu ba daidai ba kafin jikinsa ya kawo masa takardar bashi, shi ya sa hujjar cewa ai wane yana yi bai ga komai ba ba ta gamsar da ni.

Malaman da suka san aikin ba sa fara wa ɗalibi da ihu. Numfashi ake fara gyarawa, a koya masa ya ja iska har haƙarƙarinsa na ƙasa su buɗe, ya riƙa sakin ta a hankali da tsokar ciki da ta kwiɓi, domin mafi yawan masu koyo iska suke turawa fiye da kima, maƙogwaro kuma ya ƙanƙame don ya tare ta. Daga nan sai rera waƙa da tsaftatacciyar murya, saboda wanda bai iya riƙe sauti ɗaya a miƙe ba, ba shi da abin da zai ɗora kaushi a kai. Sai bayan haka ake neman karkarwar saman, kuma a hankali ake neman ta: ɗalibi ya yi doguwar ajiyar zuciya irin ta wanda ya gaji, ya bar ta ta ɗan yi gurgura a ƙarshe, ko ya nemi ɗan ƙarar nan da murya ke yi idan mutum ya farka daga barci bai gama wartsakewa ba. Idan ya same ta sai ya tsaya a kanta na 'yan mintoci kawai a rana, ya huta, ya sha ruwa, ƙarin tsawo da ƙarfi kuma ya zo cikin watanni. Ɗan ƙaiƙayi ko tari a kwanakin farko yana faruwa, amma alama ce ta a dakata a gyara. Zafi ko raɗaɗi ko ɗanɗanon jini kuwa, ranar an gama ke nan.

Akwai wani motsa murya mai sauƙi da masanin murya Ingo Titze ya yaɗa, wanda nake sa duk wanda ya shigo ɗakinmu ya yi kafin ya tsaya gaban makirufo da kuma bayan ya gama. A sami siririn bututun shan lemo, a sa a baki a rufe leɓɓa a kansa, a riƙa fitar da sauti ta cikinsa daga ƙasa zuwa sama a dawo, na minti biyu ko uku. Iskar da ta taru a baki tana komawa ta tallafi tantanin, sai ya yi karkarwa ba tare da gwaruwa mai ƙarfi ba. Wanda ya tsoma bakin bututun a rabin kofin ruwa zai ga kumfa na tashi, kuma daidaituwar kumfar ita ke nuna masa ko numfashinsa a daidaice yake.

Ba zan ce da ƙwarewa haɗari ya ƙare ba. Adele, mawaƙiyar Ingila wadda ba ta gurnani ko kaɗan, sai da aka yi mata tiyatar tantanin murya a Boston a 2011 saboda zubar jini. Duk wanda ke cin abinci da muryarsa yana iya samun rauni, ƙwarewa rage shi take yi, ta kuma sa mutum ya gane alamar da wuri.

A nan ne maganar ta shafe mu, ko da ba mu taɓa jin hebi metal ba, domin malamin firamare mai aji cike da yara da ɗan kamasho a tasha da mai wa'azi da sanƙira duk raunin nan ɗaya suke samu. Mun saba idan murya ta dishe a ce a sha zuma da citta da lemon tsami. Suna sanyaya maƙoshi, ban musa ba, amma abin da aka haɗiya ba ya taɓa tantanin murya, da ya taɓa shi da mutum ya ƙware ya yi ta tari. Abin da ke isa wurin shi ne ruwan da jiki ya sha ya ƙoshi da turirin ruwan zafi da aka shaƙa, musamman a lokacin hunturu da iska ke bushewa ƙura ta yi yawa. Alawar da ke sanyaya wuya tana ɓoye zafin ne har mutum ya ci gaba da ɓarna bai sani ba, haka ma ƙwayoyin sace kumburi da wasu mawaƙa ke saya a kemis kafin su hau dandali ba tare da izinin likita ba. Raɗa ba hutu ba ce ga murya, yawan kaki da gyaran murya gwara tantanin ne, hayaƙin sigari da na shisha suna busar da shi, sannan ƙwannafin da ke taso wa wanda ya ci abinci mai nauyi ya kwanta nan take yana ƙona wurin cikin dare.

Gwaji mafi sauƙi shi ne da safe mutum ya rera wani sauti siriri a sama, a hankali ƙwarai. Idan sautin ya ƙi fita, ko sai an tura shi da ƙarfi, akwai kumburi, ranar ta hutu ce. Idan dishewa ta kai mako uku zuwa huɗu ba ta tafi ba, ko murya ta ɗauke farat ɗaya ana cikin waƙa, sai a nufi likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya duba da kyamara, kuma ana samun irin waɗannan likitoci a asibitocin koyarwa da Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna.

Roƙona gare ka, ranka ya daɗe, shi ne shafinku na lafiya ya gayyato ɗaya daga cikin waɗannan likitoci ya yi wa masu karatu bayanin kula da murya da Hausa, a kuma buga hoton cikin maƙogwaro tare da bayanin, domin mawaƙa da malamai da ladanai su ga inda tantanin yake da inda kanta ke fitowa.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Wani mai aikin ɗaukar sauti, daga Jos