Ina sakamakon ruwan da aka ɗiba a unguwarmu?

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, shirinku na daren Laraba ne ya sa na ɗauki biro, kuma ba zan ɓoye maka ba, rai a ɓace na kashe rediyo. Farfesan da kuka gayyato ya iya magana, wannan ba musu. Amma da ya ce wai jama'a ne ba sa jin shawarar masana, kowa sai haƙa burtsatse yake yi barkatai, sai na ce wace shawarar? Wa aka ba ita, kuma a ina?

Ni ne ma'ajin kwamitin ruwa na masallacin layinmu a Sabuwar Unguwa. Bara waccan, ana tsakiyar bazara, wasu ɗalibai suka zo da takarda daga wata jami'a, mai unguwa ya haɗa su da ni. Yara ne masu ladabi, wallahi. Na zaga da su gida-gida, a yi sallama, mata su shige ɗaka a ba su wuri. Suna ɗauke da fararen kwalabe, kowace an rubuta mata lamba, in sun cika sai su jera a kula mai ƙanƙara. Akwai wani tef da suke zurawa a rijiya, da bakinsa ya taɓa ruwa sai ya yi ƙara. A wani gida, yarinyar da ke cikinsu ta auna tazarar rijiya da salga, ta dubi abokin aikinta, ta girgiza kai, sannan ta rubuta. Maigidan ya ce, "'Yata, lafiya dai?" Ta ce, "Baba, sai an kai ɗakin gwaji, za mu dawo muku da sakamako."

Shiru kake ji har yau. Dattijon nan duk inda muka haɗu sai ya tare ni da maganar, ni na zama mai laifi tunda ni na kai su. Jikokinsa kuma suna nan suna shan ruwan. Daga baya ne wani ma'aikacin lafiya ya gaya mini ana so a bar kamar mita 30 tsakanin salga da rijiya. A gidajenmu na cikin gari, wa ke da filin mita 30? In ruwan ba shi da kyau, ai sai a faɗa mana mu riƙa tafasawa ko mu sa magani. In yana da kyau, a faɗa mana hankalinmu ya kwanta. Na tabbata yaran sun kammala, an yi wa kundinsu bango an ɗora a kanta, wataƙila malaminsu ma ya buga shi a mujallar Turanci ya samu ƙarin girma. Allah ya sa albarka, ba na hassada. Amma ruwanmu ne a cikin kwalaben, kuma cikinmu yake shiga.

Maganar burtsatse kuwa, da mai gabatarwarku ya tambaye shi abin da ya kai mu. Dam ɗin Ajiwa da garin nan ya daɗe yana dogaro da shi, tun shekarun 1970 aka gina shi, lokacin Katsina ba ta zama babban birnin jiha ba, sai a 1987. Yau gidaje sun miƙa har sun kusa haɗewa da Batagarawa. Dam ɗin Zobe da ke Dutsin-Ma an gama shi a 1983, amma sai a 2021 Buhari ya zo ya buɗe aikin ruwansa. A tsakanin nan me ake so mutane su sha? Ba don ƙawa muka yi karo-karo muka kira masu injin haƙa ba. Kuɗin 'yan ga-ruwa ne ya ishe mu, kura guda ba ta kai gida mai iyali yamma.

Farfesan ya ce ruwan ƙasa yana ja da baya. Gaskiya ya faɗa, sai dai mun riga shi sani. Da zafi ya tsananta sumon namu, wato injin da ke turo ruwa daga cikin burtsatse, sai ya riƙa tarin iska, ya feso ruwa kaɗan mai yashi ya tsaya, yara na layi da bokitai suna kallon tanki. Mun ƙara fayif mun sauke shi ƙasa. Maƙwabtanmu na bayan layi sun biya kuɗi tsaba, aka haƙa aka ci karo da dutse, injin ya naɗe ya tafi, ko ɗigo babu. To a nan ne ya kamata ilimin jami'a ya same mu. Wace unguwa ce ke kan dutse, wace ce ke kan yashi? Zurfin nawa ya dace? Tazara nawa za a bari tsakanin wannan burtsatse da waccan? Muna da jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da Al-Qalam a nan, ga ta Tarayya a Dutsin-Ma, ga kwalejin Hassan Usman. Ilimin bai yi mana nisa ba. Takarda guda ce, da Hausa, a manna a ƙofar mai unguwa, a karanta bayan sallar Juma'a.

Ya kawo labarin birnin Windhoek na ƙasar Namibiya, inda tun 1968 suke tace ruwan da aka yi amfani da shi su mayar na sha. Madalla da su. Amma ban ji ya ambaci kududdufan garin nan ba, waɗanda aka cike da shara aka yanka filaye aka gine. Da can su ke tare ruwan damina ya tsuma ƙasa, rijiyoyin kusa da su ba sa ƙafewa da wuri. Yanzu ruwan 'yan watannin nan namu kwalta yake bi, ya shiga gidajen mutane, ya wuce.

Sannan don Allah, Malam Edita, ku duba wannan tallar maganin basir da sanyin ƙashi. Ana cikin magana mai muhimmanci sai ku yanke, mutum ya yi ta zayyano cututtuka da bakin da bai dace a ji shi gaban yara ba. Layin wayar ma da kuka bayar, in an kira ko a ji shi a kashe, ko a ji muryoyin nan dai da muka haddace suna gaida juna har lokaci ya ƙare.

Ku sake gayyato Farfesan. Wannan karon ku zaunar da mai haƙa rijiya da ɗan ga-ruwa a gefensa, kuma ku ce ya bincika mana a wurin abokan aikinsa inda kwalaben Sabuwar Unguwa suka kwana.

Na gode.

Mai sauraronku,
daga Sabuwar Unguwa, Katsina.