Jikata ta koya mini tsinke igiya

Edita,

Assalamu alaikum. Ina cikin masu faɗa idan na ga yaro da waya, amma makon jiya jikata 'yar shekara 5 ta zaunar da ni kan tabarma muka buga wani wasan waya mai suna Cut the Rope. Wata 'yar halitta ce koriya mai kwaɗayi, alawa na lilo a igiya, sai ka tsinke igiyar da yatsa ta faɗa bakinta. Sau huɗu ina zubar da alawar. Amaryar tawa ta ce, "Kaka, bari ta dawo tukuna!" Gaskiyarta kuwa.

Tallan da ke faɗowa ne kawai ya dame ni, sai na kashe data. Da aka kira Magariba na karɓe wayata, tana ta ƙunƙuni.

Wani dattijo,
Zariya