Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2024

Ƴan uwa mambobi, assalamu alaikum.

Damanar bana ta ci rayukan mutum sama da 300 a Nijar, kuma da yawansu ginin laka ne ya sha ruwa ya rufta musu. Mu mutanen Yamai mun san wannan masifa tun 2020, lokacin da kogin Isa ya fasa madatsa ya shiga unguwar Lamorde. Shi ya sa kwamiti ya mai da ƙarfin shekarar nan kan abu ɗaya: horar da kare ya iya gano mai sauran numfashi a ƙarƙashin gidan banko da ya rushe.

Karnukan da aka gani suna aiki a girgizar ƙasar Turkiyya a 2023 an horar da su ne kan ɓaraguzan siminti, masu ramuka da warin mutum ke bi ya fito. Jiƙaƙƙiyar laka kuwa toshe ƙofofin take yi. Saboda haka muka gina filin horo da tubalin ƙasa, muka binne ganguna masu hanyar iska. Mai sa kai yana shiga ya ɓuya, riƙe da abin wasan karen. In kare ya same shi, sai ya tsaya nan yana haushi har mai shi ya iso, sannan a saka masa da wasa. Ba a dukan kare a filinmu, domin wanda ya ji tsoro ba ya nema da zuciya ɗaya. Daga Afrilu zuwa Mayu, lokacin tsananin zafi, bayan sallar asuba kawai muka yi horo, saboda kare mai haki ba ya shinshina da kyau.

An yi wa dukan karnukan allurar rigakafin haukan kare. Abinci da likitan dabbobi su suka cinye mafi yawan kuɗin zubi, kuma ma'aji zai karanta lissafi a taro.

Abin da ya fi faranta mana rai shi ne zaman da muka yi da masu unguwa da limamai. Malamai da kansu suka kawo aya ta 4 ta Suratul Ma'ida kan horarrun dabbobin farauta, suka tuna wa jama'a cewa a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne.

Karnukanmu ba su kai ga fita aikin ceto ba tukuna, horon kan ɗauki kusan shekara biyu. Babbar buƙatarmu ta baɗi ita ce sababbin masu ɓuya, maza da mata, matasa da dattawa, don kada karnukan su saba da warin ƴan kwamiti kaɗai. Mai niyya ya ba sakatare sunansa kafin damana ta faɗi.