Wasiƙa zuwa Kumasi: kafin ka ɗaura sabon tof

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da uwargida da yara da dukan mutanen Zango. Mu nan Kano sai godiyar Allah.

Saƙonka ya iso ni, na ji cewa tof silindar Hiace ɗinka, wato murfin ƙarfen da ke saman injin, ya tsage, kuma an nuna maka sabo a kwali, da bawul da sifirin da kamshaf duk a ɗaure, kuɗinsa bai kai na Toyota ba ko kusa. Ka ce in ba ka shawara. To, ka saya, amma don Allah kada ka bari a ɗora shi kan injin yadda ya fito daga kwali.

Irin motarka, wadda aka fara ƙerawa a 1989, da injin gas (wato dizal) 3L mai lita 2.8, ta tsufa, samun tof na asali mai lafiya ya yi wuya, na Beljiyam kuma sau da yawa da tasa tsagar yake zuwa tsakanin bawul da bawul. Shi ya sa kowa ya koma kan waɗannan na kwali, a Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan gyaran mota ta nan Kano, ma su ne suka cika rumfuna. Gangar jikin ƙarfen ba ta cika ba ni tsoro ba, na ga da yawa da suka yi aiki lafiya lau. Bawul ɗin da ke ciki su ne damuwata, musamman na salansa, wato masu fitar da hayaƙi.

Bawul ɗin salansa a cikin wuta yake kwana. Iska mai sanyi ba ta bi ta kansa kamar na shaƙar iska, kuma mafi yawan zafinsa ta wurin mazauninsa yake saukewa, a lokacin da yake rufe. Saboda haka kamfanonin kirki suke yin kansa da ƙarfe mai jure zafi, sau da yawa su haɗa shi da sandar wani ƙarfe daban ta hanyar walda. A nan mai neman araha yake rage kuɗi, inda ido ba ya gani. Ƙarfe marar kyau yana miƙewa in ya sha zafi, gibin da ke tsakanin kam da shim (ɗan faifan ƙarfen da ake daidaita gibin da shi) ya rufe, bawul ya daina zama sosai, sai bakinsa ya ƙone. Wannan ma da sauƙi. Mafi muni shi ne kan ya ɓalle daga sandar ya faɗa kan fistin. Injin nan yana matse iska fiye da ninki 22, kusan babu sarari a saman fistin, don haka cikin ƙiftawar ido ka rasa fistin da sabon tof, wani lokaci har da bulo. Ka duba hakan ta faru kana cike da fasinja a hanyar Tamale.

Kai da kake kusa da Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, ba ka da uzuri, masu injin gyaran tof suna nan birjik. Ka kai musu, ka tsaya a kansu su kwance shi gaba ɗaya. A wanke, domin akan tarar da yashin zubi da ɓurɓushin ƙarfe a hanyoyin ruwa da na mai. A girgiza kowane bawul cikin gayid ɗinsa, wato bututun da sandarsa ke bi, in yana rawa zai sha baƙin mai kuma ba zai zauna daidai ba. A duba kota, waɗannan ƙananan ƙarafa biyu da ke riƙe sifirin, su ma in ba su kama ramin sandar da kyau ba bawul zai sulluɓe. Ka sa maganaɗisu a kan bawul ɗin salansa: mai kyau galibi ba ya kamawa a kai. Ba hujja ce yankakkiya ba, amma in ya manne ƙam, ni dai ba na yarda da shi.

Da ni ne, sai in cire na salansa huɗun nan in sa na Toyota, da sabbin sil. Tsofaffin da ke cikin tsagaggen tof ɗinka ma, in an auna an ga ba su lanƙwashe ba kuma bakinsu bai cinye ba, na fi amincewa da su a kan sababbi marasa suna. Bayan an goge su sun zauna, a kifa tof ɗin a zuba kananzir a ga ko zai yoyo. Sannan a daidaita gibi da shim injin yana sanyi, 0.20 zuwa 0.30 na milimita ga na iska, 0.40 zuwa 0.50 ga na salansa, a sake aunawa bayan motar ta ɗan yi aiki.

Kuma ka sa a wanke lagireto, a gwada nozul, a canza taimin bel. Zafi ne ya tsaga na farko.

Ka rubuto mini sunan da ke jikin kwalin kafin ka biya. A gaida Hajiya da kyau, Allah ya ƙara mata lafiya.

Naka,
Amininka na Kano