Rahotonku Kan Michelle Yeoh Ya Manta Da Aikinta

Ya Edita,

Na karanta rahotonku kan jarumar fim Michelle Yeoh, kuma abin ya dame ni: kusan rabinsa ya ƙare kan tufafinta da aurenta.

Wannan baiwar Allah haifaffiyar Ipoh ce a Malesiya. Rawa ta je koyo Landan, ciwon baya ya katse mata hanzari, ta koma finafinan faɗa a Hong Kong, inda da kanta take yin tsalle-tsallen da wasu jarumai ke sa a yi musu. Sai a 2023, tana da shekara 60, ta ci Oska, babbar lambar yabo ta finafinai a Amurka, ’yar Asiya ta farko da ta zama gwarzuwar jaruma.

Ina roƙonku ku ware shafi don nazarin aikin jarumai mata: yadda suke shiga matsayin da aka ba su a fim, da horon da suka sha.

Naku,
Mai karatu