Kun yabi itacen, kun manta da ido

Assalamu alaikum Malam Edita,

Shirinku na ranar Asabar ne ya sa na ɗauki alƙalami. Baƙon da kuka kawo ya kwashe kusan rabin sa'a yana yabon wani itace mai farin nono na gaɓar Bahar Rum, ɗan'uwan tinya da aguwa: mutanen da suna ɗiga nononsa a kan tusar jaki ta bushe, masunta suna zuba shi a ruwa kifi ya bugu ya taso. Duk gaskiya ne. Amma ko sau ɗaya bai ce a kiyaye ido ba, mai gabatarwa kuma sai "ikon Allah" yake ta faɗa. Haba!

Ni na san itacen nan hannu da hannu. Shekara uku na yi ina aikin gonar zaitun a tsibirin Sisiliya na ƙasar Italiya. A gangaren duwatsu yake fitowa, inda babu ƙasar kirki, ya yi dunƙule, wani ya fi ni tsayi. Wajen watan Mayu ganyensa ya rine ja, zafi na kankama ya kakkaɓe tas, ya tsaya tsirara sai ruwa ya dawo. Awaki ma kewaye shi suke yi, ni ne ban da wayonsu. Ran nan muna sassabe na sare reshe, farin ruwan ya tsarto mini a bayan hannu, na share gumi da shi. Wallahi kamar an watsa mini barkono. Kafin la'asar idon dama ya kumbura ya rufe, hawaye na zuba ba tsayawa, wani ɗan Gambiya ya riƙe mini kai yana kwara ruwan jarka har muka kai asibiti. Kwana biyar ban fita rana ba, kuma ba a biya ni ko sisi na kwanakin ba.

Yanzu ku duba masu sauraronku. Tinya tana dajinmu, aguwa shinge ce a gonaki. Uwar da ta ji ku za ta ce ai duk dangi ɗaya ne, ta tsinko ta ɗiga wa yaro a goshi. Wa zai ɗauki alhaki? Ku dawo da baƙon nan ya gyara maganarsa da bakinsa, a wannan fili dai.

Sannan don Allah ku rage kiɗan da kuke sawa ƙarƙashin hira. Mahaifiyata kunnenta ya yi nauyi, kullum sai na maimaita mata abin da aka ce.

Naku,
Mai sauraro daga Katsina